Ƙaramin Likita a Bakin Gadon Mai Barin Duniya

Tsarin horar da likitoci a Najeriya ya tanadi shekara guda bayan kammala jami'a, wadda sabon likita zai yi a asibitin da hukumar kula da aikin likitanci ta amince da shi, yana zagaya sassa huɗu: cututtukan manya, tiyata, yara, da kuma mata da haihuwa. Sai ya gama ta ake ba shi cikakkiyar rajista. A takarda, shekarar ta koyon aiki ce a ƙarƙashin idon manya. A zahiri kuwa, da zarar babban likita ya gama zagayensa ya tafi, mai neman ƙwarewa da ke bakin aiki kuma yana can ɗakin tiyata ko sashen gaggawa, waɗanda suka rage a ɗakin marasa lafiya su ne wannan sabon likita da ma'aikatan jinya. Mutuwa ba ta jiran zagayen safe. Ta haka wanda ya fi kowa ƙarancin gogewa a asibiti ya zama shi ne ya fi kowa tsayawa a kan mai gargara. Shi ake tasa cikin dare ya zo ya tabbatar rai ya yi halinsa, shi ne kuma 'yan'uwa ke tarewa a baranda su ce, "Likita, ya ake ciki?"

Manyan likitoci da dama suna ganin wannan ita ce makarantar, su ma haka suka taso, yau da gobe yaro zai saba. Da wannan ra'ayi nake jayayya. Gaskiya ne gadon mai barin duniya yana koyarwa ko an so ko ba a so. Amma abin da yake koya wa matashin da aka bari shi kaɗai, ba magani a hannu, ba babba a kusa, shi ne yadda ake kauce wa gadon. Kafin zaman ya zama ilimi sai an samu wanda ya tsaya tare da shi a wurin, ya nuna masa abin da zai duba, da abin da zai faɗa, da abin da zai bayar.

A shekarar 1994 Frederic Hafferty da Ronald Franks suka jawo hankalin malaman likitanci ga abin da suka kira ɓoyayyiyar manhaja, wato darussan da ɗalibi ke ɗauka daga ɗabi'ar wurin aiki ba tare da kowa ya karantar da shi ba. Zagayen safe ya isa misali. Tawaga ta iso gadon wani magidanci ɗan shekara talatin da 'yan kai, mai sankarar hanta da ta riga ta yaɗu, irin wadda ciwon hanta nau'in B ke haifarwa, wadda asibitocin Arewa suka saba gani a makare. Ciki ya kumbura, idanu sun yi ɗorawa, ƙaninsa na tsaye yana masa fifita. Babban likita ya karɓi fayil daga ƙarshen gado, ya ce a ci gaba da abin da ake yi, aka wuce. A gado na gaba, inda ake da ciwon da ba a gano kansa ba tukuna, aka tsaya ana tambayoyi da muhawara har ƙafa ta gaji. Ba wanda ya ce wa sabon likita komai game da mutuwa a wannan safiya, amma ya fahimci inda darajar aiki take da inda ba ta.

Ba a ƙasashenmu kaɗai ake wannan ba. Jane Gibbins da abokan aikinta a Bristol ta Ingila sun tattauna da sababbin likitoci, suka wallafa sakamakon a 2011. Likitocin sun ce a zamanin ɗalibta ba su cika haɗuwa da masu barin duniya ba, da suka kama aiki kuma ta hanyar gwaji da kuskure suka koya, sau da yawa daga ma'aikatan jinya. Wannan fa a ƙasar da ta amince da jinyar sassauci, wato kula da wanda ciwonsa ba ya warkewa don a rage masa wahala, a matsayin fannin ƙwarewa mai zaman kansa tun 1987.

Idan aka ce mai barin duniya yana koyar da likita, hankali kan tafi ga tausayi da taushin zuciya. Suna nan, amma darasin farko na ido ne da hannu: gane cewa mutumin nan tafiya yake yi. Akwai alamun da tsohuwar nas ke gani tun daga bakin ƙofa. Barci ya yawaita, maras lafiya ya daina neman abinci, sannan ruwa. Fitsari ya ragu. Tafin hannu da ƙafa suka yi sanyi. Numfashi ya riƙa hawa yana sauka, ya ɗauke na ɗan lokaci sannan ya dawo. Daga baya majina ta taru a maƙogwaro ana jin kakari. Sabon likitan da ba a nuna masa waɗannan a jere ba yana ɗaukar kowace a matsayin matsala mai zaman kanta: fitsari ya ragu, a ƙara ruwa, numfashi ya canza, a sake ɗibar jini. Sai ka ga ana laluben jijiya a hannun da ya kumbura, ana tura ɗan'uwa ya je ya biya kuɗin gwajin da sakamakonsa ba zai tarar da mai shi ba, ruwan da ake ƙarawa kuma yana iya ƙara kumburin da kakarin. Wanda aka koya masa, juya maras lafiya zai yi bisa gefensa, ya jiƙa masa leɓɓa, ya rubuta abin da zai rage majinar, ya cire abin da ba ya amfani, ya kira iyali.

Kada a ɗauka wannan ganewar abu ne mai sauƙi da shekaru kawai ke kawowa. Nicholas Christakis da Elizabeth Lamont sun wallafa bincike a mujallar BMJ a 2000, inda suka nemi likitoci 343 a Chicago su ƙiyasta sauran kwanakin marasa lafiya 468 da aka tura jinyar ƙarshe. Kashi 20 cikin ɗari na ƙiyasin ne kawai ya zo daidai, kashi 63 ya zarce gaskiya, a dunƙule kuma likitocin sun ninka sauran lokacin kusan sau biyar. Wani abin lura, gwargwadon daɗewar likita da maras lafiyarsa, gwargwadon kuskurensa. Shaƙuwa na rufe ido. Ga ƙaramin likita wannan na da muhimmanci, domin shi ne ke wuni da kwana da mutumin, shi ya san sunayen 'ya'yansa. Yana bukatar wani ya tambaye shi a fili, bayan an fita daga ɗaki, yadda yake ganin makomar gadon nan da dalilinsa, sannan a dawo bayan kwanaki a auna maganarsa da abin da ya faru. Haka ake koyon karanta hoton ƙirji, ba dalilin da zai sa wannan ya bambanta.

A nan ne za a ce, a wurinmu sanin ajali sai Allah, likitan da ya ce wane ya kusa tafiya ya shiga hurumin da ba nasa ba. Ɓangaren farko ba mai jayayya da shi. Na biyun ne bai tsaya ba, ko a ma'aunin malamanmu. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Zinder ya san wani mataki na ciwo da ake jin tsoron mutuwa a cikinsa, ya kuma rataya hukunce-hukunce a kansa, kamar taƙaita kyautar da mai wannan ciwo zai yi da dukiyarsa ga sulusi. Muhtasar na Shehu Halil ya mayar da tantance irin wannan ciwo ga hukuncin masana likitanci. Ke nan shari'a da kanta tana sa ran likita ya iya cewa, irin wannan ciwo galibi ba a tashi. Bai faɗi rana ba, bai faɗi sa'a ba, ya faɗi abin da jiki ya nuna. Likitan da ya laɓe a bayan tawakkali don ya guje wa maganar, ba tauhidi yake karewa ba.

Maganar kanta ita ce ta fi wuya. Masana zamantakewa Barney Glaser da Anselm Strauss sun zauna a asibitocin yankin San Francisco, suka fitar da littafi a 1965 a kan yadda sanin kusantowar mutuwa ke rarrabuwa tsakanin maras lafiya da masu kula da shi. Wani lokaci shi kaɗai ne bai sani ba, wani lokaci yana zargi, wani lokaci kowa ya sani amma kowa yana nuna bai sani ba, wani lokaci kuma an buɗe maganar. Yanayi na uku ne ya fi yawa a ɗakunanmu, kuma ladabinmu yana taimaka masa. Ka ce wa dattijo, "Baba, ya ƙarfin jiki?" zai ce maka da sauƙi, ko da daren jiya bai runtsa ba. Babban ɗansa zai ja likita gefe ya ce, "Don Allah likita, kada a gaya masa, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba." Dattijon kuwa ya riga ya fara tambayar ko an sanar da 'yarsa da ke aure a nesa. Kowa yana yi wa kowa kara.

Sabon likitan da ya karanta littattafan Amurka yana iya ɗauka cewa maganin wannan shi ne ya je ya zayyana wa dattijon komai, domin haƙƙinsa ne. Ya kamata ya san cewa wannan ɗabi'a ko a can ba tsohuwa ba ce. A 1961 Donald Oken ya gano kusan kashi 90 cikin ɗari na likitocin da ya tambaya sun fi son kada su gaya wa mai sankara ciwonsa. A binciken da Dennis Novack da abokansa suka wallafa a 1979, inda suka maimaita tambayar, kashi 97 suka ce suna faɗa. Cikin shekaru goma sha takwas al'ada ta juya. Abin da ya juya haka a wata ƙasa ba dole ne a kwafo shi da siffarsa ba. Sai dai yin shiru ma yana da farashi, kuma farashin a wurinmu ya fi nauyi, domin mutumin da ya san tafiya ta zo yana da ayyuka a gabansa: bashin da zai bayyana, amanar da ke hannunsa, wasiyya, neman yafiyar wanda suka ɓata, wanda yake so ya zauna kusa da shi ya laƙƙana masa kalmar shahada, ko faston da yake so a kira masa idan Kirista ne. Iyalin da suka ɓoye masa don tausayi sun hana shi waɗannan.

Hanyar da ƙwararru ke bi tana tsakani, kuma ba a koyon ta sai an gani. Babban likita ya jawo kujera ya zauna, ya bar ɗan ya zauna a wurin. Ya ce, "Alhaji, kai yaya kake ganin jikin nan?" Sai ya yi shiru. Shirun nan ne matashi ba ya iya jurewa, yakan cike shi da bayanin gwaje-gwaje. Idan aka jure, sau da yawa dattijon ne zai ce shi dai yana ganin abin sai addu'a. Daga nan a tambaye shi ko yana so a yi masa bayani shi da kansa, ko ya fi son a yi da 'ya'yansa. Wanda ya ce a yi da yara, an girmama zaɓinsa. Wanda ya ce a faɗa masa, sai a faɗa kaɗan-kaɗan, a bar shi ya tambaya. Matakan da Walter Baile da Robert Buckman da abokansu suka tsara a 2000 don isar da mugun labari kusan wannan suke nufi, amma haddace su a aji ba ya maye gurbin ganin wani ya yi sau ɗaya da harshen da maras lafiya ke ji.

Akwai jimla guda da ya kamata a hana ƙaramin likita gado daga manyansa, ita ce "ba abin da za mu iya yi, ku kai shi gida." Komawa gida sau da yawa ita ce daidai: kuɗi sun ƙare, mutum ya fi son ya cika a ɗakinsa, ɗaukar maras lafiya zuwa ƙauye kuma ya fi ɗaukar gawa sauƙi. Rabin farko na jimlar ne ƙarya. Ana iya sallamar mutum da maganin ciwo, da bayanin abin da iyali za su gani a kwanaki masu zuwa don kada su firgita, da yadda za a riƙa juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Kuma kowane maras lafiya da aka kora haka, an kori darasi tare da shi, domin likitan ba zai taɓa sanin yadda ƙarshen ya kasance ba.

Sai batun raɗaɗi, inda nake ganin an fi cutar da tarbiyyar ƙaramin likita. Cicely Saunders, wadda ta yi aikin jinya da na walwalar marasa lafiya kafin ta zama likita, ta buɗe gidan jinyar St Christopher's a Landan a 1967. Abu biyu ta kafa. Na ɗaya, a ba da maganin ciwo bisa agogo, kada a jira sai mutum ya yi kuka. Na biyu, raɗaɗin mai barin duniya haɗe yake da tsoro da damuwar iyali da tambayoyin ruhi, ba a raba su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakanta na maganin raɗaɗin sankara a 1986, morfin na sha yana matakin ƙarshe. Magani ne mai araha. Duk da haka kwamitin mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci suna samun ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na irin wannan magani da ake rabawa. Yuganda ta nuna ana iya canza wannan: Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993 da morfin na ruwa da ake haɗawa a cikin ƙasa, a 2004 kuma gwamnati ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi. A Najeriya, Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta a Ibadan sun daɗe suna wannan fafutika.

A Arewa wani tsoro ya ƙaru. Annobar shan tiramol da kodin, wadda ta kai gwamnatin tarayya ga hana maganin tari mai kodin a 2018, ta sa duk maganin wannan dangi ya zama abin zargi a idon iyali da ma wasu ma'aikata. Sai a haɗa matashin da ke shan kwalba a bayan layi da tsohuwar da sankarar mama ta ci ƙashinta a hukunci ɗaya. Tasirin wannan a kan sabon likita ba ƙarami ba ne. An tashe shi ƙarfe biyun dare, mace na nishi, abin da ke hannunsa farasitamol ne da allurar da ba ta kai safiya. Ya ba da, bai yi ba. Gobe haka, jibi haka. Mutum ba ya iya jure jin kukan da ba shi da maganinsa, don haka kunne yake koyon toshewa. Daga baya a ce likitoci ba su da tausayi. Wanda kuwa ya taɓa ba da morfin na sha duk bayan awa huɗu, tare da maganin da zai hana cushewar ciki, ya dawo da safe ya tarar da matar a zaune tana shan koko tana yi wa jikarta faɗa, ya koyi wani abu game da ikon sana'arsa da ba zai manta ba. Jinyar sassauci kuma ba sallamawa ba ce: a binciken Jennifer Temel da abokanta a Boston a 2010, masu sankarar huhu da ta yaɗu waɗanda aka haɗa musu jinyar sassauci tun farko sun fi jin daɗin rayuwa, matsakaicin rayuwarsu kuma ya kai wata 11.6, na sauran 8.9.

Wani zai ce bai dace a mayar da mai gargara abin koyo ba. An yi wa Elisabeth Kübler-Ross irin wannan turjiya a Chicago a shekarun 1960, lokacin da ta fara zama da masu ciwon ajali suna magana ɗalibai na saurare. Likitoci suka ƙi ba ta marasa lafiya, marasa lafiyan kuwa galibi suka yi maraba da samun mai saurare. Damuwar tana da tushe idan ana nufin tara ɗalibai goma sha biyar a kan mutum, ko gwada aiki a jikinsa don hannu ya faɗa. Amma ƙaramin likita ba baƙo ba ne a wurin, shi ne likitan mutumin a daren. Koyon yana faruwa a jikin maras lafiya ko da babba ko babu. Bambancin kawai yawan kuskuren da maras lafiyan zai ɗauka.

Takarda ma ba ta maye gurbin babban. Birtaniya ta gwada da tsarin Liverpool, jerin matakan kula da mai barin duniya da aka yaɗa a asibitoci. A 2013 kwamitin da Baroness Neuberger ta jagoranta ya ba da shawarar a daina amfani da shi, bayan ƙorafin iyalai cewa an mayar da shi cike gurbi a fom, ana yanke shawara ba tare da an yi magana da su ba. Daga cikin shawarwarin kwamitin akwai cewa babban likita ne ya kamata ya ɗauki alhakin irin wannan hukunci, ba a bar shi ga ƙananan ma'aikata cikin dare ba.

Bayan rasuwa kuma, a asibitocin koyarwa akwai taron bitar mace-mace, kuma yana da amfani. Sai dai tambayarsa ita ce ina aka yi kuskure, ƙaramin likita kuma yana shigarsa a matsayin wanda ake tuhuma, yana amsa "e, cif" yana addu'ar a wuce fayil ɗinsa. Mutuwar da ba makawa ba ta da gurbi a irin wannan zama, ba wanda ke tambaya ko mamacin ya tafi cikin raɗaɗi, ko iyalinsa sun san abin da ke zuwa. Tunda kuma ana gaggauta jana'iza, binciken gawa ba ya yawa, tattaunawar ita ce kusan abin da ya rage na koyo. Michael Balint ya fara tara likitoci a Landan a shekarun 1950 don su yi magana a kan marasa lafiyan da suka tsaya musu a rai. Ba sai an kwafo tsarinsa ba. Na san hujjar da za a kawo, cewa manya sun yi ƙaranci, da yawa sun tafi Saudiyya da Ingila, wanda ya rage yana duba mutum ɗari. Hujja ce ta gaske. Amma abin da ake nema minti goma ne a ofishin nas washegari, da tambaya uku: me ka gani, me ka faɗa musu, me ya tsaya maka. Nas ɗin da ta kwana a ɗakin ta zauna a ciki, domin galibi ita ta fara ganewa.

Abin da ake sa wa hannu shi ake koya. A ƙarshen kowane sashe babban likita yana sa hannu cewa yaronsa ya iya sa ruwa, ya iya ɗinki, ya karɓi haihuwa. Hukumar da ke ba da rajista da kwalejojin ƙwarewa na ƙasa da na Afirka ta Yamma suna da ikon ƙara layi uku a wannan takarda: ya zauna an isar da labarin ciwon da ba ya warkewa yana gani, sannan ya isar da kansa babba na gani, ya rubuta morfin na sha ya bi sakamakonsa, ya tabbatar da rasuwa ya sanar da iyali, aka kuma tattauna da shi bayan haka. Layi na biyu zai tilasta wa asibitin da ke son ci gaba da horar da sababbin likitoci ya ajiye maganin a kantinsa.